Tafinta a kotu: tambayoyi da amsoshi ga baƙon da shari'a ta hau kansa a arewacin Kamaru

Wannan bayani na Bahaushen da ya shigo daga Najeriya, Nijar ko Cadi ne, ɗan kasuwa ko direba ko ɗan gudun hijira, wanda ya wayi gari a hannun jandarmomi ko a gaban alƙali a Marwa, Garwa, Ngaundare, Kusiri, Mora ko Mokolo, alhali ba ya jin Faransanci. Na danginsa ne kuma, masu kai da kawowa tsakanin birgad, wato ofishin jandarmomi, da kotu. Shari'a a nan a rubuce take tafiya, da Faransanci, kuma abin da aka rubuta shi ne abin da ka faɗa a idon kotu, ko da ba shi ya fito daga bakinka ba.

Samun tafinta haƙƙi ne ko alfarma?

Haƙƙi ne. Harsunan hukuma a Kamaru biyu ne, Faransanci da Turanci. Dokar tsarin shari'ar laifuka mai lamba 2005/007 ta 27 ga Yuli 2005, wadda ta fara aiki ranar 1 ga Janairu 2007, ta ce a sashe na 354 idan wanda ake tuhuma ba ya magana da harshen hukuma da alƙalan suke ji, shugaban zaman kotu da kansa zai naɗa tafinta, ba sai an roƙe shi ba. Tafintan ya zama ya cika shekara 21, kuma ya yi rantsuwa cewa zai fassara da gaskiya. Sashe na 183 ya tanadi irin wannan ga shaidu a gaban alƙalin bincike.

Bayan dokar ƙasa akwai yarjejeniyar duniya kan haƙƙoƙin jama'a da na siyasa, wadda Kamaru ta shiga a 1984. Sashe na 14 nata ya ce a sanar da mutum abin da ake tuhumarsa da shi cikin harshen da yake fahimta, a kuma ba shi tafinta kyauta idan ba ya jin harshen kotu. Ba a ce ɗan ƙasa kaɗai ba. Baƙo mai takarda da marar takarda duk ɗaya suke a nan.

Wa ke biyan tafintan?

A shari'ar laifi, kotu ce ta naɗa shi, don haka ladansa yana cikin kuɗin gudanar da shari'a da baitulmali ke ɗauka. Ba daga aljihunka ba, ba daga na danginka ba. Duk wanda ya ce sai ka kawo kuɗi kafin a samo maka tafinta, ka tambaye shi cikin ladabi wane ofishi ake biya kuma za a ba da rasit. Yawanci maganar a nan take tsayawa.

Abu ɗaya ka kula da shi. Idan aka same ka da laifi, ana ɗora maka kuɗin shari'a, wanda ake kira dépens, ban da tara. Lauyanka ya duba lissafin, domin kalmar "kyauta" da ke cikin yarjejeniyar hujja ce ta ƙin a saka maka ladan tafinta a ciki.

Ina ɗan jin Faransancin kasuwa. Ba zan iya kare kaina da shi ba?

Kada ka gwada. Faransancin ciniki da na tasha daban, na kotu daban. Mutum yana iya sayar da albasa shekara goma a Garwa bai taɓa jin recel (karɓar kayan sata), complicité (haɗin baki a laifi) ko sursis (ɗaurin je-ka-gyara-halinka) ba, kuma a kan irin waɗannan kalmomi ɗauri yake ratayawa. Matsalar ita ce da zarar ka amsa tambaya biyu ko uku da Faransanci, za a rubuta cewa kana jin harshen, daga nan neman tafinta ya zama kamar dabarar jan lokaci. Tun tambayar farko ka nemi tafinta, ko da sunanka kawai aka tambaya.

Mai jin Turanci sosai yana da damar yin magana da shi, tunda harshen hukuma ne, kuma dokar 24 ga Disamba 2019 kan harsunan hukuma ta tabbatar da amfani da su biyun a kotuna. Sai dai kotunan arewa da Faransanci suke aiki yau da kullum. Idan alƙalin ba ya jin Turanci, tafinta ya zama dole duk da haka. In kuwa Turancin naka broka ne, Hausa ta fi maka.

An kama ni, ina birgad ko komisariya, wato ofishin 'yan sanda. Tun daga nan zan nemi tafinta?

Tun daga nan, kuma nan ne ya fi muhimmanci. Mafi yawan ɓarna ba a zauren kotu take faruwa ba, a ɗakin ɗaukar bayani take faruwa, daren farko, mutum yana cikin firgici.

Ga abin da doka ta ce a wannan mataki. Jami'in bincike wajibi ne ya sanar da kai cewa kana da damar yin shiru da damar samun lauya, sashe na 116 na dokar tsarin shari'ar laifuka ke nan. Tsarewar bincike, wadda suke kira garde à vue, awa 48 ce, ana iya sabunta ta sau ɗaya, ƙarin da ya wuce haka sai da rubutaccen izinin mai gabatar da ƙara na gwamnati. Lauya da dangi suna da damar ziyartarka a lokutan aiki. A matsayinka na baƙo kuma, yarjejeniyar Biyana ta 1963 ta ba ka damar a sanar da ofishin jakadancin ƙasarka idan ka nema. Ɗan gudun hijirar da ya tsero daga hukumar ƙasarsa ba dole ba ne ya nema.

Jimla biyu suke da amfani a hadda, ko a rubuce a aljihu: "Je ne comprends pas le français. Je demande un interprète en haoussa." Wato ba na jin Faransanci, ina neman tafintan Hausa. Ka maimaita su, ka nemi a rubuta cewa ka nema. Idan ba a kawo ba, yi shiru a kan zancen laifin. Shirun nan doka ce ta ba ka, ba taurin kai ba ne.

An miƙo min takarda an ce in dangwala. In yi?

Takardar nan ita ce PV, bayanin da jami'i ya rubuta da sunanka, kuma ita za ta bi ka har gaban alƙali. Magana zarar bunu ce, ta PV kuwa ta fi kowace wuyar mayarwa. Sashe na 90 ya ce a karanta wa mutum bayaninsa, a fassara masa idan akwai bukata, sannan a nemi ya sa hannu a kowane shafi. Tafintan ma yana sa hannu. Duk inda aka goge ko aka ƙara rubutu, sai an tabbatar da shi da sa hannu, in ba haka ba ba shi da ƙarfi.

Don haka ka nemi a fassara maka layi bayan layi, ba a dunƙule ba. "Abin da ka faɗa ne kawai aka rubuta" ba fassara ba ce. Ka tsaya a kan lambobi, sunaye da ranaku. Kada ka dangwala a farar takarda, ko a shafin da rabinsa babu rubutu. Kana da damar a rubuta ƙorafinka kafin sa hannunka, misali cewa ba a fassara maka ba, kana kuma da damar ƙin sa hannu, sai jami'in ya rubuta cewa ka ƙi. Bayanin da aka karɓa da duka ko barazana kuwa, sashe na 315 ya hana kotu karɓarsa a matsayin amsa laifi, amma sai ka faɗa wa alƙali tun zaman farko.

Ƙanena yana jin Faransanci. Zai iya yi min tafinta?

Idan shaida ne a shari'ar, ko yana cikin masu ƙara ko waɗanda ake ƙara, ba zai iya ba. Doka ta hana magatakardan zaman kotu, ɓangarorin shari'a da shaidu yin tafinta, ko da kai ka yarda. Wanda bai cika shekara 21 ba shi ma ba ya ciki, don haka ɗan makarantar da ke rakiyar mahaifinsa ba tafintan kotu ba ne. Ko da ɗan'uwan naka ya tsallake waɗannan sharuɗɗa, alƙali ne mai naɗawa.

Mu a ganinmu amfanin ɗan'uwa mai jin harshen biyu yana wani wuri. Ya zauna cikin masu sauraro da biro da takarda, ya rubuta duk inda fassara ta kauce, ya miƙa wa lauya. Ba zai yi magana a zaure ba, amma kunnensa na iya ceton shari'ar. Dangi idan suka zama tafinta sukan gyara magana don tausayi, su rage nan su ƙara can, kuma gyaran nan ne yake haifar da saɓani tsakanin bayanin birgad da na kotu, wanda mai gabatar da ƙara zai kira ƙarya.

Tafintan da aka kawo Fulatanci yake yi min, ko Hausarsa ba ta nuna ba. Yaya zan yi?

Wannan ya zama ruwan dare, kuma dalilinsa a fili yake. Fulatanci ne harshen kasuwa daga Ngaundare har Marwa, Larabcin Shuwa ya fi yawa wajen Kusiri, Barbarci da Mandara wajen Mora. Wanda kotu ta saba kira sau da yawa mai ɗaya daga cikin waɗannan ne, Hausa kuwa ta gaisuwa da ciniki yake da ita. Wani lokaci har fassara hawa biyu ake yi, daga Hausa zuwa Fulatanci, daga Fulatanci zuwa Faransanci, kowane hawa yana zubar da wani abu.

Doka ta ba ka hanya biyu. Kana iya ƙin amincewa da tafinta tun farko, ka faɗi dalili: ba ya jin harshenka sosai, ko yana da dangantaka da mai ƙararka, ko akwai tsohuwar gaba tsakaninku. Kotu za ta yanke a take, kuma ba a ɗaukaka ƙara a kan wannan shawara. Idan kuma ana cikin shari'a aka ga ba ya fassara daidai, kowane ɓangare na iya nunawa ya nemi a canza shi. Kada kunya ta hana ka. Ka ce, "Ranka ya daɗe, ban gane abin da yake faɗa ba," ka nemi a rubuta a littafin zaman kotu. Abin da bai shiga littafin nan ba, kotun ɗaukaka ƙara ba za ta san ya faru ba.

A ina fassara ta fi ɓaci?

A kuɗi, da farko. Mutanen ƙasashen sefa da dala suke lissafi, dala ɗaya sefa 5. Wanda ya ce "ɗari" yana nufin sefa 500, mai Larabcin Cadi da ya ce riyal dubu yana nufin sefa 5,000. Jaka a bakin mutumin Nijar sefa 1,000 ce, a bakin dattijon Kano naira 200 ce. Ɗan Najeriya kuma idan ya ce dubu ɗari, naira yake nufi, tafinta ya mayar da ita sefa. A shari'ar bashi, amana ko zamba, wannan kuskure kaɗai yana iya ninka abin da ake bin ka sau biyar. Maganinsa: kowane adadi a rubuta shi da lambobi a takarda, a nuna maka, a faɗi ko naira ne ko sefa.

Sai lokaci. Mu da salla da ranar kasuwa muke auna shi: bayan la'asar, ran kasuwar gari kaza, kwana uku kafin Babbar Salla. Kotu tana son kwanan wata da ƙarfe. Tafinta mai gaggawa zai ƙirƙiro "ƙarfe huɗu" daga "bayan la'asar", gobe shaida ya ce ƙarfe biyar, a ce kun saɓa. Faɗi yadda ka sani, ka bar kotu ta lissafa, kada ka yarda da ranar da ba ka tabbata ba.

Sai dangantaka. "Ɗan'uwana ne" a wurinmu yana ɗaukar ɗan gari, abokin fatauci, wanda kuka yi karatun allo tare. Idan aka rubuta frère, daga baya aka gano ba uwa ɗaya ba uba ɗaya, an kama ka da ƙarya ke nan a idonsu. A shari'ar da ta shafi tsaro kuwa, kiran wanda ake zargi ɗan'uwanka yana iya jawo maka abin da ba ka zata ba. Bayyana: garinmu ɗaya, ko a tasha na san shi.

Haka ajiya. Direba ko mai shago ya ce "ajiya aka ba ni", wato kayan wani ne, bai san asalinsu ba. Idan abin da ya isa kunnen alƙali shi ne "na ɓoye kayan", an kusa tabbatar da laifin karɓar kayan sata. Ka faɗi wanda ya ba ka, yaushe, a gaban wa, da ko ka buɗe kayan.

Shekaru ma haka. Wanda ba shi da takardar haihuwa akan ƙiyasta masa. Ga matashi wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin dokar laifuka ta Kamaru tana sassauta wa wanda bai kai 18 ba. Duk wata takarda mai nuna shekarunsa, ta makaranta, ta rigakafi ko ta rajistar 'yan gudun hijira, dangi su kawo ta da wuri.

Alƙali ya tambaye ni wani abu, tafinta ya ce "ka amsa?" Me ake nufi?

Nan ne wurin da ya fi haɗari a zauren kotu. Bayan an karanta tuhuma, ana tambayar mutum ko ya amsa laifi ko bai amsa ba, coupable ko non coupable. Bahaushe mai ladabi idan babba yana magana yakan ce "to", "na'am", "na ji", "haka ne". Ɗaya daga cikinsu na iya shiga littafi a matsayin amsa laifi, kuma da zarar kotu ta karɓi amsar, ba a tsayawa dogon sauraron shaidu, sai maganar sassauci da hukunci.

Kada ka amsa da kalma ɗaya. Ka ce "Ban aikata ba", ko "Na aikata kaza, amma ban aikata kaza ba". Gaskiya ne doka ta ce wanda ya amsa laifinsa ana iya yi masa sassauci, shi ya sa za ka ji masu ba da shawarar "amsa ka huta". Wannan shawara ce da za ka yanke da lauya bayan ka san iyakar hukuncin, ba a tsaye a gaban alƙali ba. Idan an kawo ka ta hanyar gaggawa ta wanda aka kama dumu-dumu, sashe na 300 ya ba ka damar neman kwana 3 don shirya kariya. Ka nema.

Yaya ake magana ta bakin tafinta?

Gajerun jimloli, ɗaya ko biyu, ka tsaya ya fassara. Alƙali da hannunsa yake rubuta abin da ake faɗa, don haka gaggawa ba ta amfanar kowa. Ka fuskanci alƙali, ba tafinta ba. Ka ajiye karin magana, habaici da rantse-rantse, ba sa ƙetarawa lafiya. Idan ka yi magana mai tsawo ka ji ya fassara da kalma uku, ka nemi ya maimaita maka da Hausa abin da ya faɗa. Kuma ba tambayoyin da aka yi maka kaɗai ya kamata a fassara ba: abin da shaidu suka ce a kanka da abin da mai gabatar da ƙara ya nema, duk kana bukatar ji, in ba haka ba da me za ka musa?

Tafinta ya ce in ba shi wani abu zai gyara min magana.

Kada ka bayar. Cin hanci laifi ne ga mai bayarwa da mai karɓa, kuma wanda ya karɓa daga hannunka zai karɓa daga hannun abokin shari'arka. Tafinta ba lauya ba ne, ba ɗan aiken alƙali ba ne. Ka sanar da lauyanka, ya nemi a canza shi.

Laifina rashin takardar zama ne kawai. Shi ma sai da tafinta?

Shi ma shari'ar laifi ce. Dokar 10 ga Janairu 1997 kan shige da ficen baƙi ta tanadi ɗaurin wata 3 zuwa shekara 2, da tarar sefa 200,000 zuwa miliyan 2, ko ɗaya daga ciki. Kamaru ba ta cikin ECOWAS, don haka katin ƙungiyar ba takardar zama ba ce a nan.

Wanda rikici ya koro yana da wata kariya. Dokar 'yan gudun hijira ta 27 ga Yuli 2005 ta hana hukunta mai neman mafaka saboda shigowa ba takarda, idan ya fito kai tsaye daga inda ransa ke cikin haɗari kuma ya gabatar da kansa ga hukuma, ta kuma ba da kwana 15 don yin hakan. Wannan kariya ba ta aiki sai alƙali ya ji labarin. Idan tafinta ya taƙaita "'yan bindiga sun ƙone garinmu muka gudo" zuwa "ya zo neman abinci", ta tafi. Mai rajista a sansanin Minawao ko a ofishin HCR, hukumar 'yan gudun hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ya nuna takardarsa tun a birgad, ya nemi a sanar da su.

Kotun soja fa?

Tun dokar yaƙi da ta'addanci ta 23 ga Disamba 2014, tuhume-tuhumen ta'addanci kotun soja suke zuwa, ko da farar hula ne, kuma tsarewar bincike kwana 15 ce da ake iya sabuntawa. Haƙƙin tafinta bai faɗi ba. Inda hukuncin zai iya kaiwa kisa ko ɗaurin rai da rai, kotu wajibi ne ta naɗa wa mutum lauya idan ba shi da shi. Dangi su tabbata lauyan ya gana da shi tare da mai fassara kafin ranar zama, ba a bakin ƙofar zaure ba.

An riga an yanke hukunci, ban fahimci abin da ya gudana ba. Akwai gyara?

Akwai, amma lokaci gajere ne. Kwana 10 ake da su don ɗaukaka ƙara, daga washegarin hukunci. Wanda ke gidan yari yana iya shigar da ita ta ofishin shugaban gidan. Bayan haka akwai kwana 15 na miƙa rubutattun dalilai, wanda ya wuce su ana iya korar ƙararsa. Kotunan ɗaukaka ƙara suna Marwa, Garwa da Ngaundare. Lauya zai dogara da sashe na 3 na dokar tsarin shari'ar laifuka, wanda ya rushe duk matakin da ya tauye haƙƙin kariya, kuma hujjarsa mafi ƙarfi ita ce a ga a rubuce cewa ka nemi tafinta ba a ba ka ba.

Ranar hukunci ka tabbata an fassara maka abu huɗu: tsawon ɗauri, ko na je-ka-gyara-halinka ne, adadin tara da kuɗin shari'a, da wa'adin ɗaukaka ƙara. Mutane da yawa suna gama wa'adinsu su ci gaba da zama saboda kuɗin da ba su san an ɗora musu ba. Ɗaurin rashin biya yana kamawa daga kwana 20 har shekara 5, gwargwadon yawan kuɗin.

Marar hali yana iya neman taimakon shari'a a ƙarƙashin dokar 14 ga Afrilu 2009. Ana kai buƙatar ofishin magatakardan kotun, tare da takardar shaidar rashin hali daga magajin gari.

Mace fa, ko kurma?

Mace tana iya roƙon a samo mata tafinta mace, musamman a zancen fyaɗe ko sirrin aure, tana kuma iya neman a yi zaman ba da 'yan kallo ba. Alƙali ne zai duba. Kurma ko bebe da bai iya rubutu ba, kotu tana naɗa wanda ya saba fahimtar maganarsa ta hannu, wanda ya iya rubutu kuwa a rubuce ake yi masa tambayoyi.

Shari'ata ta bashi ce ko ta haya, ba ta laifi ba.

Alkawarin tafinta kyauta na wanda ake tuhuma da laifi ne. A ƙarar da ke tsakanin mutum da mutum ka shirya ɗaukar nauyin fassara, musamman ta takardu. Yarjejeniyar da aka rubuta da ajami ko da Hausar boko sai an juya ta zuwa harshen hukuma kafin alƙali ya yi aiki da ita, kuma ka riƙe ta asali a hannunka.

Idan a Njamena aka kama ni?

Da ka haye gadar Ngeli daga Kusiri, doka ta canza. Harsunan hukuma a Cadi Faransanci da Larabci ne, dokar tsarin shari'ar laifukansu ta 2017 ce, lambobin sassan da muka ambata a sama ba sa aiki a can. Amma Cadi ta shiga yarjejeniyar duniyar nan a 1995, don haka tafinta kyauta haƙƙinka ne a can ma. Ka kula, jin Larabcin kasuwa ba shi ne jin Larabcin da ake rubuta takardun kotu da shi ba. Kuma a can da riyal ake lissafi, kowane ɗaya sefa 5, don haka kowane adadi a rubuta maka shi da lambobi kafin ka dangwala.